Yumɓun Kakau da Hannun Mama

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwa, ina fata kina cikin hutun da Ubangiji ya yi wa bayinsa alkawari. Mu nan Unguwar Boro muna lafiya. Surukinki Ishaya ya tsufa, gwiwa tana ba shi wahala, amma har yanzu ba ya yarda a riƙe masa hannu a kan matakalar coci. Jikokinki biyu da aka haifa bayan tafiyarki sun girma, ƙaramar ma ta ɗauko goshinki.

Na san mutane za su karanta wannan takarda, kuma na san hakan ba zai dame ki ba. Duk wasiƙar da na taɓa aiko miki daga makaranta, malamin coci ne yake karanta miki a ƙofar gida, maƙwabta suna tsaye suna saurare. Kin saba da sirrinmu a bakin jama'a.

A makon jiya na kwashe kayana daga ofis, na yi ritaya. A wurin liyafar sallama wata ɗaliba ta tambaye ni abin da na yi shekarun aikina ina bincike a kai. Na ba ta amsa irin ta malamai: yumɓu, da yadda za a sa shi ya tace ruwan sha. Aka tafa. Amma a hanyar gida na ji amsar ba ta gamsar da ni ba, domin rabinta kawai na faɗa. Ɗaya rabin ke ce.

Kin san yadda na tsani laka ina yarinya. Ke maginiyar tukwane ce, kakata ma haka, kuma duk ranar kasuwa ni nake bin bayanki da ƙananan tukwane a ka. A makaranta 'yar mai laka suke ce mini, saboda komai wankin da na yi sai an ga ja a ƙarƙashin farcena. Tun lokacin na rantse wa kaina zan yi karatun da zai nisanta ni da ramin yumɓu. Na karanta kimiyyar sinadarai, na samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwaleji a nan Kaduna, aka ba ni farar riga. Ranar da na zo gida na ce miki aikin bincike nake yi, kin daɗe kina kallona, sannan kika ce, "To me ya ɓace muku da kuke ta bincike haka?" Na yi dariya. A raina na ce ba za ki gane ba.

Sai jikarki Alheri ta rasu.

Shekararta biyu da wata huɗu. Damina ce, ruwan kwata ya malala ya shiga rijiyoyin unguwa, har da tamu. Amai da gudawa, kwana biyu kacal. Kin zo daga ƙauye washegarin jana'iza. Ba ki yi mini dogon wa'azi ba kamar sauran mata. Kin zauna kusa da ni kwana tara, kina dafa abinci, kina wanke randa kullum da safe. Ni mai farar riga, wadda ta san sunan kowace ƙwayar cuta, ban iya kare 'yata daga ruwan gidana ba.

Shi ya sa da na shiga karatun digiri na biyu na zaɓi ruwa. Ina neman matatar da talaka zai iya ajiyewa a ɗakinsa, ba ta buƙatar lantarki, ba ta buƙatar magani. Dabarar ba tawa ba ce, na karanta ta a littattafai: a kwaɓa yumɓu da garin ƙaiƙayin shinkafa, a gina shi kamar tukunya, a gasa. Wuta za ta cinye ƙaiƙayin ta bar ƙofofi ƙanana ƙwarai, ruwa ya riƙa tsatstsafowa ta ciki, datti da ƙwayoyin cuta su maƙale. Aikina shi ne in gano yadda za a yi shi da ƙasarmu. Kin ga inda gudun ya kawo ni. Ban gaya miki ba. Duk zuwana gida sai in ce ina aiki a kan ruwa, in canja magana.

Shekara biyu ina gasa matatun suna fashewa. Murhun lantarki muke da shi a kwaleji, kuma sau da yawa ana tsakiyar gashi sai a ɗauke wuta. Ko ranar da wutar ta tsaya, in buɗe murhu in tarar sun tsage daga baki har gindi. Farfesan da yake duba aikina mutum ne mai haƙuri, amma ƙa'ida ƙa'ida ce. Ya kira ni ya ce in ban kawo sakamako kafin ƙarshen zangon ba, za a cire sunana.

A wannan halin kika zo, bayan Kirsimeti, a shekarar da sojoji suka yi alkawarin miƙa mulki. Ƙafafunki sun kumbura, numfashi yana yi miki wuya, ƙanena ya sako ki a mota ya ce a kai ki babban asibiti. Garin duk hotunan 'yan takara ne, har jikin bishiya. A kwaleji kowa yana cewa farar hula za su waiwayi bincike, za a kawo sabbin na'urori, waɗanda suka gudu ƙasashen waje za su dawo. Ishaya ba ya rabuwa da rediyo in ya dawo daga masaƙa. Ke kuwa kika saurara, kika saurara, kika ce, "Soja ko farar hula, rijiyar nan dai za mu ci gaba da sha."

Likita ya ce zuciya ce, ya ba da magani, ya ce ki huta, a riƙa kawo ki duk bayan mako uku. Amma ke ba ki san zama ba. Wata rana na dawo aiki na same ki a bayan kicin, kin zazzage buhun da nake ɓoye fasassun matatuna a ciki. Kin jera tsingaron a ƙasa. Kina ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ki ƙwanƙwasa da farce kusa da kunne, ki taɓa da harshe. Ba ki ɗago ba kika ce, "Wa ya yi wa yumɓu wannan wulaƙanci?"

Na ce ni ce. Na tsuguna na gaya miki komai.

Kin yi dariya har tari ya kama ki. Kika ce, "Ashe duk gudun da kika yi, Kande, ramin laka kika faɗo." Kande kike kirana, don ni ce mace ta fari bayan maza uku, ko da yake kowa a ofis Rifkatu ya sani. Da tarin ya lafa, dariyar ta tafi. Kika tambaye ni tun yaushe nake wannan fama. Na ce shekara biyu. Kika ce, "Shekara biyu. Kuma ina da rai."

Kika ci gaba da jera tsingaron. Da zagina kika yi, da ya fi mini sauƙi.

Washegari kika ce sai kin ga wurin aikin da idonki. Ga wani abin da ban taɓa faɗa miki ba: da gangan na zaɓi ranar Asabar, don kada abokan aikina su gan ki da zane da takalmin roba, ba ki jin Turanci. Ina da shekara talatin da huɗu, na binne 'ya, amma kunyar 'yar mai laka ba ta sake ni ba. Ki gafarce ni.

Allah ya sa Malam Sani yana nan. Kin tuna shi, dattijon nan mai kula da na'urorinmu, wanda yake tsallako gada kullum a kan babur daga Unguwar Sanusi. Yana ganinki ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ki, kamar wata babbar baƙuwa ta zo daga ma'aikatar ilimi. Shi ya zagaya da ke. Ya nuna miki teburin wata malama da take neman yadda za a busar da citta ba tare da ta yi funfuna ba. Ya nuna miki injin da wani injiniya yake matse bulo da shi har ya farfashe, don ya san nauyin da zai iya ɗauka. Ya nuna miki kwalaben wani ɗalibi, cike da ruwa shuɗi da ja da ya ɗebo daga magudanar da ke bayan masaƙu, yana son ya san abin da yake shiga kogi. A kowane tebur sai kin tsaya kin yi tambaya. Wurin citta ma har shawara kika bayar, wai a daina shanya ta a ƙasa. Da muka gama kika ce wa Malam Sani, "Ashe abin da ya dami mutane ne kuke nema. Na ɗauka abin Turawa ne."

Sannan ya kai ki gaban madubin da muke ganin ƙwayoyin cuta da shi. Ya ɗora abin da ya shirya daga ruwan rijiyar gidanmu, ya gyara miki kujera, ya nuna miki yadda za ki rufe ido ɗaya. Da farko kin ce ba ki ga komai ba sai haske. Ya murɗa kaɗan. Sai na ga kafaɗunki sun tsaya cak. Kin daɗe a sunkuye. Da kika ɗago, ni kika kalla, kika ce, "Su ne suka ɗauke mana Alheri?"

Na ce irinsu ne.

Kika gyara ɗaurin zanenki, kika ce, "To a nemo mini inda ake da yumɓu."

Wani abokin aikin Ishaya yana da gona a Kakau, kusa da rafi, ya ce mu ɗebi abin da muke so. Ina ganinki yanzu, kina dogara sanda, kina tsayawa duk bayan 'yan taku ki huta. Wuri uku aka haƙa kika ƙi. Na farko kin ce yashi ya yi yawa, na biyu kin ce ba shi da ƙarfi, na uku ko taɓawa ba ki yi ba. A na huɗu kika murza a tafin hannu, kika yi masa tsawo kamar igiya, kika naɗe a yatsa bai karye ba. Kika ce wannan zai ji magana.

A nan na fara ganin kurakuraina. Ni ina haƙo yumɓu yau, in kwaɓa gobe, in gasa jibi, domin jadawalin aikina haka ya ce. Ke kika jiƙa shi kika rufe da buhu, kika ce kada wanda ya taɓa sai ya kwana bakwai ya tsima. Kika sa aka daka fasassun matatuna a turmi, aka tankaɗe, aka zuba garin a cikin sabon kwaɓi, kika ce tsohuwar tukunya ce take riƙe sabuwa. Kika hana a shanya sabbin matatun a rana, sai a inuwa, a ƙarƙashin rumfar kara, ana juya su safe da yamma.

Wurin ƙaiƙayi ne muka yi gardama. Kika ce, "Ni tun ina budurwa nake gina tukunyar da ba ta yoyo. Yau 'yata ta yi boko ta zo tana son mai yoyo." Na yi ta bayani. A ƙarshe kika yarda, amma da sharaɗin ke za ki kwaɓa. Ni ina auna komai a sikeli, ina rubutawa. Ke kina cusa hannu, ki ce a ƙara, ko ki ce ya isa.

Akwai ranar da kika kama wuyan hannuna kika ce, "Ajiye biron nan ki taɓa ki ji." Na ce bari in gama rubuta awon tukuna, kada in manta. Kika sake ni. Ba ki ƙara cewa ba, ni ma ban tuna ba. Littafin yana nan har yau, shafi ɗari da wani abu, babu awon da ya kuɓuce mini. Abin da kika so ki sa a hannuna ranar ne ba ya ciki.

Murhun kwaleji kuwa kin ce ba ki yarda da wutar da wani yake iya kashewa daga nesa ba. A fili za a gasa, yadda kika saba. Farfesa ya ce ba shi da matsala, muddin zan auna zafin, ta yadda wani zai iya maimaitawa. Sai Malam Sani ya ɗauro ma'aunin zafi a bayan babur ya biyo mu Kakau. Kika jera matatun a kife, kika fara da hayaƙi kaɗan-kaɗan don su sha ɗumi, sannan itace, sannan ciyawa a sama. Zafin bazara ga zafin wuta, kina zaune a kan kujerar tsuguno, kin ƙi matsawa baya. Malam Sani yana duban allurar na'urarsa, ke kina duban launin garwashi ta wata 'yar kafa. Can kika ɗaga hannu kika ce a daina ƙara itace. Ya dubi na'ura, ya dube ni. Daidai inda littattafai suka ce a tsaya. A gashi na biyu ma haka, na uku ma haka. Ya girgiza kai ya ce, "Mama, da kun zo tun bara, da ban sha wahalar gyaran wannan abu ba."

Babu ko ɗaya da ta tsage a gashin farko. Na riƙa ɗaukarsu ina ƙwanƙwasawa suna ƙara kamar ƙararrawa, ina kuka. Amma da muka gwada, ruwa yana wucewa da sauri, ƙwayoyin cuta suna bin sa. Ƙaiƙayin ya yi yawa. A gashi na biyu muka rage, sai ruwan ya ƙi fita, yini guda bai cika kofi ba. Kowane gashi yana cin kusan mako uku daga jiƙo zuwa wuta. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma in ruwa ya sauka babu sauran gashi a fili sai wata shekara. Dama ɗaya ta rage mana.

Mama, nan ne wurin da na fi jin nauyin rubutawa.

Ranar da matatun na uku suka bushe ita ce ranar komawarki asibiti. Wadda ta gabata ma mun ɗaga ta saboda kwaɓi. Ishaya ya ce a fasa gashin, a kai ki. Kika ce, "Asibiti yana nan gobe. Hadarin nan ba zai jira mu ba." Ishaya ya dube ni, yana jira in goyi bayansa. Na ga ƙafafunki, kumburin ya kai gwiwa. Na ga yadda kike jingina da bango kafin ki gama magana. Na yi shiru. Ba shiru kawai na yi ba, a cikin raina na ji daɗi da kika ƙi. Shekara ashirin da biyar ina ɗauke da wannan, ko Ishaya ban taɓa gaya wa ba.

Muka tafi Kakau. Kwana biyu bayan gashin aka yi ruwan farko.

Na zuba ruwan rijiyarmu a cikin matatun, na tari abin da ya ɗigo, na kai ɗakin gwaji. Yadda muke yi shi ne a shafa ruwan a kan wasu 'yan fayafayan gilashi, a ajiye su a ɗumi, in akwai ƙwayoyin cuta sai su yaɗu su fito ɗigo-ɗigo. Ranar da ya kamata a duba ban iya fita ba, jikinki ya yi nauyi. Da hantsi sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Malam Sani ne, ya naɗo faifai biyu a cikin akwati. Ya yi sallama, ya durƙusa a bakin tabarmarki, ya buɗe. Na ruwan rijiya ya cika da ɗigo kamar an watsa gero. Na ruwan matata sai an ƙura ido ake ganin ɗaya ko biyu. Kin kalli wannan, kin kalli wancan. Kika ce a ba ki ruwan ki sha. Na kawo miki a kofi. Kika kurɓa, kika riƙe a baki, kika haɗiye, kika ce, "Yana ƙanshin sabuwar tukunya. Zai daina bayan kwana uku."

A wannan makon aka kwantar da ke. Likita ya duba ki, ya tambayi dalilin da ya sa ba a kawo ki a kan lokaci ba. Na bi shi har baranda na tambaye shi ko makonnin nan da muka ɓata ne suka jawo. Ya ce zuciyar ta daɗe da gajiya. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Kina kan gadon nan aka rantsar da sabuwar gwamnati. Wata mai jinya ta kawo rediyo, ɗakin duk aka yi tsit ana saurare, ruwa yana sauka a kan kwano. Wasu suna murna, wata tsohuwa a gadon gefe tana addu'a. Ke kika jawo hannuna kika ce, "Na ga fuskarki tun jiya. Kada ki ɗauki abin da ba naki ba. Ni na ce a tafi Kakau." Na kasa gaya miki gaskiyar abin da yake raina. Kika ƙara da cewa, "Ki koya wa mata. In kika bar shi a takarda, gara ce za ta amfana."

Bayan kwana shida kika tafi, da safe, ina goge miki fuska. Muka kai ki gida muka binne kusa da Baba.

Na dawo na rubuta kundin digirina kamar wadda ake kora. Na je wurin Farfesa na roƙi a sa sunanki tare da nawa a bango. Ya ce ya fahimta, amma dokar makaranta ba ta yarda ba, sai dai a shafin godiya. A nan na sa ki, tsakanin sunansa da na mai buga takardu.

Ranar kare kundin, malamai biyar ne a kan tebur, har da wani baƙo da aka gayyato daga wata jami'a, mai furfura, wanda aka ce ba ya wasa. Na amsa tambayoyinsu. Can sai baƙon ya buɗe wani shafi ya ce ya ga shekara biyu aikin yana lalacewa, sannan cikin wata uku komai ya daidaita, kuma bai ga littafin da na ambata a kan tsima yumɓu ko zuba garin tsingaro ba. Daga ina na samo?

Ina da amsar da na shirya, cewa na dogara da hanyoyin gargajiya na yankin. Ita ce amsar da ake so, kuma da ta wuce. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Mahaifiyata ce ta koya mini. Sunanta Saratu. Maginiyar tukwane ce, ba ta taɓa shiga aji ba. Ita ta zaɓi yumɓun, ita ta kwaɓa, ita ta san lokacin da wuta ta isa. Ni awo na yi na rubuta."

Baƙon ya tambaya ko kina kusa, yana so ya gaishe ki. Na ce mun binne ki wata biyu da suka wuce. Ya cire tabarau ya ajiye. Sannan ya ce gyara ɗaya yake da shi: in ciro sunanki daga shafin godiya in mayar da shi cikin babin da ya yi bayanin yadda aka yi aikin, a duk inda ke ce kika yanke shawara, in rubuta haka. Ya ce ba alfarma ba ce, haka ake rubuta gaskiyar bincike. Sau goma sha ɗaya sunanki ya fito a babin nan, Mama. Na ƙirga.

Sabbin na'urorin da aka yi ta sa rai ba su zo da wuri ba, wasu ma ba su zo ba sam. Malam Sani ya yi ritaya, ya rasu shekarun baya, na je ta'aziyya Unguwar Sanusi. Ni kuwa ban sake barin yumɓu ba. Na yi abin da kika ce. Mata shida muka fara da su a Kakau, yanzu 'ya'yansu ne suke ginawa. Ɗalibaina sun gwada ƙasar wurare da yawa, wasu da garin katako a madadin ƙaiƙayi. A gidaje da dama a unguwar nan za ki ga matata a kan bokiti a lungun ɗaki. Ba ta magance komai ba, har yanzu yara suna ciwo da damina. Amma akwai iyayen da suka tare ni a kasuwa suka riƙe hannuna.

Har yau a kowane gashi sai an samu 'yan kaɗan sun tsage, kuma ba na iya gane su tun suna ɗanye. Ke da kin shafa kin ware su gefe. Na gwada na'urori iri-iri, na rubuta takardu a kai, ban kamo ki ba. Sau da yawa ina tsaye a gaban ɗalibai da alli a hannu, sai tambaya ta zo mini wadda ke kaɗai za ki iya amsawa, in ji kamar in fita in shiga motar ƙauye.

A watan jiya na je gida bikin wata jikar ƙanwarki. Da rana ƙishi ya kama ni, na shiga gidan wata tsohuwa a bayan coci na roƙi ruwa. Ta nuna mini randa a gindin bishiyar mangwaro. Tun kafin in ƙarasa na gane wuyanta, da layi ukun nan da kike ja da tsinke a kafaɗa. Gefen bakin ya ɗan ɓalle, gindin ya yi kore, amma ko ɗigo ba ta yi. Na ce wa tsohuwar ta sayar mini, ko nawa ne. Ba ta gane ni ba. Ta ce, "'Yata, wannan ginin Saratu ne. Da wannan randa aka kawo ni gidan nan. Ba a samun irinta yanzu." Ban gaya mata ko ni wace ce ba. Na ɗebi ruwan na sha, na ƙara, na zauna a kan dutse kusa da ita har aka aiko nemana. Ruwan yana da sanyi, Mama.

Ubangiji ya ba ki hutawa, ke da ba ki huta ba a duniya. Ya karɓi aikin hannuwanki. Ya gafarta mini kunyar da na ji da shirun da na yi, ya ba ni ƙarfin gwiwar da zan tsaya a gabanki ranar da za mu sadu. Ya tsare 'ya'yan mutane a wannan damina. Amin.

Ina kewarki ƙwarai.

'Yarki,
Kande